Kuloli Biyu Zuwa Akra

Tun da na dawo daga Gana wayata ba ta huta ba. Wannan ta kira, waccan ta turo saƙo, tambayar dai ɗaya ce: "Balkisu, ya Gana? Ya Dakta?" Wasu har da hoton zobe suke haɗawa. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta muku duka a wuri guda. Wadda ta karanta ta sake tambayata, to neman magana take.

Bari in fara da abin da ya kai ni, domin da yawanku kun ɗauka ganin miji na tafi. Digiri na biyu nake yi a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Kowace ƙwayar halitta, ta mutum ko ta cuta, kamar shagon ɗinki take. Ba ta da aiki sai ɗinka furotin, wanda shi ne jikinta, shi ne kuma kayan aikinta. Kafin keke ya motsa akwai wani ɗan sinadari da yake zura zaren farko, mu a takarda eIF2 muke rubuta shi. Idan wahala ta zo, yunwa ko zafi ko guba, sai wani sinadarin da ake kira kinas ya manna masa ɗan tambari na fosfet. Da zarar tambarin ya hau, mai zura zare ya naɗe hannu, kekuna su tsaya, ba a ɗinka komai sai 'yan abubuwan da za su tsare rai. In wahala ta wuce, wani sinadarin ya zo ya goge tambarin, aiki ya ci gaba. Farfesar da take duba aikina tana zargin da wannan dabara ƙwayar zazzaɓi take kauce wa magani: ta yi lamo kamar ta mutu, magani ya fita daga jini, ta farka. Ni kuma aikina in duba ko tambarin nan yana hawa a ƙwayoyin da muka samu daga marasa lafiya a nan Kaduna.

Damina guda cur na yi ina bin ɗakunan shan magani daga Rafin Guza zuwa Kawo, ina roƙon ɗigon jini da izinin masu shi, ina renon ƙwayoyin, ina zuba musu magani, ina kashe su, ina daskarar da abin da ya rage a 'yan kwalabe kamar ƙaramin yatsa. Matsalar biyu ce. Injin da zai nuna tambarin babu shi a wajenmu. Sannan tambarin ya fi kwalli saurin gogewa: in kwalaben suka ji ɗumi, mai gogewar nan ya farka ya share shi tas, aikin damina ya tafi, sai kuma wata daminar.

A nan Dakta Kamal ya shigo. Ɗan Mando ne, yana aiki a wata cibiyar bincike a Akra. Na fara jin sa ne a wata lacca da ya yi ta intanet, kuma ba zan ɓoye muku ba, muryar nan ta yi min illa. Irin muryar da ake rubuta wa jarumin littafi ce, mai sanyi, mai taushi, wadda take jan kalma kamar ba ta so ta sake ta. Na rubuta masa game da aikina. Ya amsa da cewa, "Ki kawo su, injina yana jiranki. Akwai ma taron horarwa, sai ki zauna." Daga baya saƙonni suka bar furotin suka koma kewar gida, da dambun nama da ya ce ya daɗe bai ci ba, da "ina ɗokin ganinki." Na karanta wannan jimlar har wayata ta yi zafi. A raina na riga na zaɓa masa tsayi, na zaɓa masa saje, na sa masa farar shadda.

Sunansa ya yi yawa a bakina a gida. Mama ta fara murmushi in na ambace shi. Baba kuma ya sauke jaridarsa ya ce, "Ƙasar wasu ke kaɗai? Ba da ni ba. Talatu za ta raka ki." Gwaggo Talatu ƙanwarsa ce, tana zaune a Rafin Guza, ta daɗe tana saro atamfa daga Kwatano, kuma ta rantse ba za ta hau jirgin sama ba sai na Makka. Masu jirgin ma da na tambaya sun yi ta ja-in-ja a kan ƙanƙarar da zan ɗauka, wadda ba ta narkewa ta zama ruwa, sai dai ta yi ta hayaƙi har ta ƙare. Haka muka tsaya a kan mota.

Da Gwaggo ta ga farin akwatin soso da na zuba kwalaben, ta taɓe baki. "Wannan kafin Abuja ya fashe." Ta ɗauko kulolinta biyu na biki, manya, jajaye masu furen ruwan gwal, iri ɗaya sak. Ta zura akwatina a ɗaya. Ɗayar ta cika ta da dambun nama, ta soka cokalinta a ciki, ga ƙullin alkaki da dubulan a gefe.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Tsarabar yaron nan. Ko hannu za mu je muna lilo da shi?"

"Aiki fa zan je."

"Na ji, 'yar nan. Ni ma aiki zan je."

Daga tashar Mando muka tashi. Kwandasta ya so ya jefa kulata saman mota tare da buhunan albasa, na rungume ta kamar jaririya, Gwaggo ta wanke shi tas har ya ba mu kujerar kusa da taga. Kular tana kan cinyata har ƙafafuna suka mutu. Wani dattijo mai carbi a bayanmu ya ga ɗan hayaƙi yana sulalowa ta gefen murfi, ya leƙo ya ce, "Baiwar Allah, tuwonki zai ƙone." Na yi masa bayanin shagon ɗinki da mai zura zare. Ya saurara da ladabi, sannan ya ja jikinsa ya ƙara saurin carbi. Gwaggo ce ta fahimta. Ta ce, "Ashe ita ma cuta ta san yajin aiki. To wa yake biyanta in ta zauna?" Na ce ba kowa, ranta kawai take tsira da shi. Ta ce, "Ta fi wasu hankali."

A Legas muka sauka gidan wata ƙawarta a Agege, ɗaki ɗaya, fanka ɗaya, sauro kamar an gayyato su su ga mai bincikensu. Da safe na samu masu yin askirim suka cika min ƙanƙara mai hayaƙi. Na taɓa kwalaben da safar hannu, suna nan kamar dutse. Na tura wa Dakta cewa mun iso Legas lafiya. Ya aiko da hoton fure. Na sa wayar a ƙirjina na lumshe ido, mai keke napep yana zagin wani a kunnena.

Iyakar farko ba ta ba mu wahala ba, domin kowa ya san Gwaggo, har masu canjin kuɗi suna kiranta da suna. Kwatano kuma garin babura ne. Mata da jakunkuna da goyo suna tuƙa babur kamar ba komai, burodi dogo kamar taɓarya, kowa yana Faransanci ta hanci. Na gaida wata mai sayar da ruwa, ta dube ni sama da ƙasa ta miƙo hannu. A can gaisuwa ba ta da tsawo. Mu da sai mun tambayi gida da yara da gajiya da sanyi kafin a zo kan magana, su suna ganin ɓata lokaci ne. Togo kuwa ban san lokacin da muka shiga ba, na ɗan gyangyaɗa kawai aka ce mu sauko, ta ƙare. Ƙasa guda da tuta da shugaba, amma faɗinta bai kai tafiyar Kaduna zuwa Zariya ba.

A iyakar Gana ne aka tsayar da mu sosai. Wani jami'i mai tumbi ya nuna kulolin da sanda. Na ba shi takardar makaranta, ya karanta ta da kyau, ya ce duk da haka sai ya gani da idonsa. Ya buɗe ta Gwaggo, ƙamshin dambu ya bugi hancinsa, fuskarsa ta saki. Ya buɗe tawa, farin hayaƙi ya taso ya lulluɓe hannunsa. Mutumin nan ya yi baya har hularsa ta faɗi. Abokan aikinsa suka taru, aka kira babba, babba ya kira wanda ya fi shi. Ni kuwa ina tsaye a rana, murfi a buɗe, ina jin kowane hayaƙi da ya fita kamar daga jikina yake fita. Na roƙe su da Turanci, na roƙe su da ido. Gwaggo ce ta miƙa hannu ta rufe murfin gam ta zauna a kai. Ta ce da Hausa, "Ku kira har shugaban ƙasa, ya same ni a nan." Ba su ji Hausa ba amma sun ji Gwaggo. Babban ya yi dariya, ya buga hatimi. Da muka wuce na leƙa, kwalabena ba su ko yi gumi ba.

A Akra muka sauka a unguwar Zango, gidan wata Hajiya dillaliya. Hausawa ne, in ji su. Hausar tasu kuwa in ka ji sai ka riƙe kai, mace ma "ya zo" ake ce mata. Abinci kuma namu suka ɗauka suka ɓata. Shinkafa da wake sun rina ta da karan dafi, sun tula mata taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai ƙarnin kifi, duk a ganye ɗaya, kamar mai kwashe ragowar biki. Akwai wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, na kai loma ɗaya na ajiye. Gwaggo ta cinye nata ta cinye nawa tana cewa, "Ba daɗi." Amma in faɗi gaskiya, Hajiyar ta yi mana karamci, kuma wuta ba ta ɗauke ba tun da muka shiga. Na yi ta kallon ƙwan fitila ina jira, har na ji haushi.

Ranar Juma'a da hantsi muka nufi cibiyar. Na sa leshina ruwan hoda, na yi turare, na rungumi kula. Ya fito tarbarmu a bakin ƙofa. To, ku da kuke tambaya, ga Dakta: muryar tana nan, sauran kuma babu. Gajere ne, wando ya matse shi, yana kaɗa makullin mota a yatsa, idonsa rabi a kanmu rabi a kan waya. Na ce a raina ba komai, akwai littattafan da jarumin ba ya burgewa sai a tsakiya. Ya durƙusa wa Gwaggo rabin durƙuso, ya ce da ni, "Sannu da hanya, Malama Balkisu. Shiga can ki karɓi katin baƙi, sai da shi ake wucewa."

Na ajiye kular kusa da ƙafar Gwaggo na shiga. Matar da take ba da katin ta ɗauki hotona, injin ya ƙi, ta sake, ta tafi neman igiyar ratayawa. Da na fito, babu kula ko ɗaya, babu ƙullin alkaki. Gwaggo tana gyara mayafi da fuskar wadda ta sauke nauyi.

Na ce, "Dakta, kayan fa?"

Ya yi murmushi, ya sassauta murya. "Na karɓi komai. An adana. Kada ki damu, komai naki yana hannuna."

Ku faɗa min, wace ce a cikinku za ta ji haka daga bakin masanin furotin, a ƙofar cibiyar da take cike da firiza, ta ce masa a ina? Ya zagaya da mu ya nuna mana injinsa, ya nuna mana hotunansa da Turawa a bango, ya ce yana sauri zai tafi masallaci, daga can kuma zai wuce wani gari bakin teku, sai Litinin. A hanyar komawa na tambayi Gwaggo me ta ce masa. Ta ce, "Abin da ake cewa. Ga ɗan abin da muka zo da shi, ba yawa, har da na Balki a ciki. Ya yi godiya, ya kira direba. Yaro mai tarbiyya, ko buɗewa bai yi a gabana ba." Na tura masa saƙo ina tambaya ko kwalaben sun shiga firiza. Ya aiko da hoton teku da rana tana faɗuwa. Na ɗauka amsa ce.

Asabar da Lahadi na raka Gwaggo kasuwa, ta taya atamfa ta raina, ta saya ta raina. Ni hankalina yana kan Litinin.

Litinin da safe, 'yan taro sun hallara daga ƙasashe daban-daban, ya shigo da farar rigar aiki. Ya hango ni ya ce, "Yauwa, Malama Balkisu. Ina samfurin naki? Kawo mu sa a firiza."

Ban san yadda na isa wajen ajiye motoci ba. Direba ya buɗe but ɗin motar Dakta. Ga kuloli biyu jajaye a jere, kusa da tayar safaya da takalmin wanka mai yashi. Sun je bakin teku sun sha iska sun dawo. Na buɗe tawa. Babu hayaƙi. Na sa hannu ba safa na ɗauko kwalba ɗaya, ruwa ne yake motsi a ciki, ɗumi kamar shayin da aka manta.

Ya tsaya a bayana yana kaɗa makulli. "Subhanallahi. Ai ni na ɗauka duk tsaraba ce. Kin san ba a buɗe kyauta a gaban mai ita."

"Ka san da abin da na zo, Dakta. Ba ka tambaya ba."

"Ke ma ai da kin rubuta a jiki. Wa yake zuba samfuri a kular biki?" Ya buɗe ɗayar, ya shaƙa. "Dambun dai bai yi komai ba. Kai wannan ofis," ya ce da direba.

Duk da haka na roƙa aka gwada. Na yi aikin da hannuna, ina addu'a ko kwalba ɗaya ta riƙe. Da sakamako ya fito, layin da yake nuna mai zura zare yana nan ɓaro-ɓaro a kowace kwalba. Layin tambarin kuwa fari fat. Ko ƙwayoyin sun taɓa ɗaukar tambarin, ko ba su taɓa ba, babu mai iya faɗa yanzu. Mai gogewa ya samu kwanaki a but yana aikinsa ba mai hana shi.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma a zaman ƙarshe na taron, yana bayani da muryar nan a kan yadda kinas yake sa tambari da yadda ake goge shi, sai na ga hoton sakamakona a bango, babba. Ya ce da Turanci, "Ga misali daga wata 'yar uwarmu. Wannan shi ne abin da yake faruwa in aka ɗauko samfuri daga inda ba wuta, a mota, ba tsari." Wasu suka gyaɗa kai. Wata ta juyo ta dube ni da tausayi.

A littattafan da na tashi da su, a nan ne yarinya take sunkuyar da kai, hawaye su gangaro, ta fita da gudu, shi kuma ya biyo ta. Na duba ƙofa, na duba shi, na ga ko na fita wannan ba mai biyo kowa ba ne. Na ɗaga hannu na miƙe. Na ce, "Samfurin nawa ne. Ya ƙetare iyaka uku a daskare, a kan cinyata. A but ɗin motarka ya narke, Dakta, a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa." Wani dogo daga Mali ya yi tari mai kama da dariya. Dakta ya ce za mu tattauna daga baya, ya danna hoto na gaba.

Gwaggo tana jirana a inuwar wata bishiya a harabar, don daga nan tasha za mu wuce. Na faɗa mata duka, har da hoton bango. Ta tashi ta ɗaure mayafi a ƙugu ta ce in nuna mata ofishinsa. Mun same shi ya dawo, cokali a hannu, kular dambu a buɗe a kan tebur, ya ɗan taɓa sama-sama.

Ya miƙe da fara'a. "A'a, Gwaggo, sannu da zuwa. Wallahi dambun nan..."

Ta ɗauki murfi ta rufe, ta ɗaga kular ta ɗora a kai. "Ina alkakin?"

"Gwaggo, lafiya?"

"Lafiya lau. Alkakin."

Ya jawo aljihun tebur ya miƙo ƙullin, yana kallona ko zan sa baki. Na tsaya ina karanta takardun yabon da ya jera a bango. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin an ba da kyauta an dawo an karɓe ba."

Gwaggo ta ce, "Ni ma ban taɓa yi ba, ɗan nan. Suruki na kawo wa. Na duba ban gan shi ba." A bakin ƙofa ta juyo. "Cokalin ma nawa ne."

Hanyar dawowa ba abin faɗa. Jami'in nan mai tumbi ya gane mu, ya nuna kulata daga nesa, na buɗe masa ita wayam. Da na shiga ofishin Farfesa na zayyana mata, ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido, sannan ta ce, "Sai ruwa ya sauka, Balkisu. Mu sake." Wato kammalawata ta koma baɗi. 'Yan ajinmu za su sa rigar yaye ba ni. Ta ce kuma wannan karon za ta nemi wata cibiyar, kuma in na isa, ni da hannuna zan sa kwalabe a firiza, ko sarki ne ya ce min an adana.

Shekaranjiya ya turo saƙo: "Kin yi shiru. Ina kewar hirarmu." Da hoton fure. Na duba, na ji ko zare ɗaya bai motsa ba a raina. Shagon a rufe yake, 'yan abubuwan da za su kai ni damina kawai ake ɗinkawa a ciki.

Masu tambayar tsaraba kuma ku yi haƙuri. Dambun a mota muka cinye shi tsakanin Lome da Kwatano, mu da duk wanda hannunsa ya kai, har direba. Gwaggo ta suɗe cokalinta ta sa a jaka ta ce, "Wannan karon dai ya shiga cikin mutane."